Yadda za ka yi wa aska mai naɗewa sabuwar ƙota a gida

Assalamu alaikum jama'a. Wanga bayani na masu aska ne irin wadda ake naɗewa, ruwanta ya shige tsakanin falle biyu, ba askar wanzamanmu ta gargajiya ba wadda maƙeri ke ƙerawa da wutsiyarta a jiki a sa ta kube a jefa zabira. Irin waɗanga asake da yawa gado ne, za ka ga an buga Solingen ta Jamus ko Sheffield ta Ingila a wuyansu, wasu kuma sababbi ne 'yan Sin irin su Gold Dollar da ake saye da arha. Sau da yawa ƙarfen yana nan lafiya lau, ƙotar ce ta tsage wajen ƙusa ko ta karkace, sai a jefa ta akwati a manta. Wallahi abin yana damuna, don ƙarfe mai kyau ba ya tsufa, kuma ƙota aikin kwana biyu zuwa uku ce ga wanda bai taɓa yi ba, ban da jiran itacen ya zauna.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan, aikin ƙota shi ne ta tsare kaifi. Kyau daga baya yake zuwa. In ka rufe aska bakinta ya gogi jikin falle ko sau ɗaya ne to wasawar da ka sha wahala a kanta ta tafi, in kuma kaifin ya leƙo ta ƙasa yatsanka ne zai fara sani. Duk awon da zan faɗa a ƙasa saboda wannan ne.

Kayan aiki ba su da yawa. Zarton ƙarfe ko siririn zarto, magagari ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, samfefa daga lamba 80 har 1000 (masu sayar da fentin mota suna da ta ruwa mai laushi), injin huda da baki mai kaurin milimita 1.6 ko 1.7, ƙaramar guduma mai kai zagaye wadda ba ta wuce giram 100 ba sosai, filaya mai yanka waya, tef na takarda, sufa gulu, da guntun gilashi na taga wanda za ka riƙa shimfiɗa samfefa a kai don ka samu shafaffen wuri na gaskiya. Ƙusar kuwa sandar tagulla ce mai milimita 1.6, wato 1/16 na inci, ita ce kaurin da kusan duk asake suke amfani da shi. Tambayi masu walda ta gas ko masu gyaran firji, sandar da suke liƙi da ita mai ruwan zinari tana aiki, sai dai tana da ɗan tauri, ka ƙona ta a wuta har ta fara ja ka bar ta ta huce, za ta yi laushin daka. Uwar maƙera ba sai ka saya ba, kan babbar guduma ko guntun ƙarfen reluwe ya isa.

Da mi za a yi fallen

Nan ne mu mutanen Sakkwato muke da rabo, don kusan komai yana kusa. Itace dai kirya ce kan gaba, tauri gare ta, ba ta jin ruwa, gara ba ta son ta, kuma in ta sha gogewa sai ta yi ja mai duhu. Kanya ma tana da kyau, cikin tsamiya mai duhun nan ma haka, maɗaci ya fi sauƙin sassaƙa amma ƙofofin jikinsa manya ne yana shan ruwa sai an toshe shi da kyau. Madobiya ta fi su zane, amma tun 2017 anka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ke sa wa ido saboda yadda anka sassare ta ana kaiwa waje, don haka in ba guntun tsohon katako ka samu wajen kafinta ba to bar ta. Hauren giwa kuma kada ma ka fara, tun 1989 anka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Shawarata ta gaskiya ita ce nemi tsohon itace. Karyayyar taɓarya ta kirya, tsohuwar ƙotar gatari, ƙafar kujera da ta shekara ashirin a zaure, waɗannan sun gama duk motsin da za su yi. Ɗanyen itacen da anka sare cikin damina in ka yanka shi siriri, da hunturu ya shigo iska ta bushe ƙarau zai lanƙwashe maka, kuma falle mai milimita 3 ba shi da ƙarfin jayayya da iskar Disamba ta nan. Ka duba jijiyar itacen ta bi tsawon fallen daga kai har gindi, ba a karkace ba, kuma babu ido ko tsaga kusa da inda za ka huda.

Ƙaho shi ne abin da tsofaffin maƙeran Sheffield sunka fi amfani da shi, kuma har yau ni a wurina babu abin da ya kai shi daɗin riƙo da jiƙaƙƙen hannu. Sai dai shanunmu na gida Gudali gajeren ƙaho gare su, ba zai ba ka santimita 15 miƙaƙƙe ba, in ka je Kara ko kwata ka ce wa mahauta na Rahaji ko Bunaji kake so, dogo mai kaurin jiki. Ka dafa shi ƙashin ciki ya fita, ka yanke tsini da gindin da ya yi siriri, ka tsaga shi a tsaye gida biyu. Miƙar da shi ita ce wahalar. Tafasasshen ruwa yana tausasa shi amma bayan wata ɗaya sai ya tuna inda ya fito ya koma lanƙwasa, abin da ke kashe masa wannan halin zafi ne na kusan digiri 150 zuwa 160, wato ka tsoma shi cikin mai mai zafi na 'yan mintoci har ya yi laushi yana lanƙwasuwa da filaya, in ka ga jikinsa ya fara ƙuraje yana warin ƙonannen gashi sosai to wuta ta yi yawa. Maza ka sa shi tsakanin shafaffun ƙarfe biyu ka matse da bayis ko jak ɗin mota, ka bar shi ya kwana. A waje ake wannan aiki, kuma a kori yara daga wurin man.

Ƙashin ƙafar raƙumi ko na sa shi ma yana yi, fari tas, a dafa shi da omo har maiƙon ya fita a shanya a inuwa, ban da bilic don yana sa shi ya riƙa gari. Amma ƙashi ba ya lanƙwasa sosai, sai ka rage kaurinsa zuwa wajen milimita 2, kuma yana saurin fashewa wajen daka ƙusa, ba na ɗan koyo ba ne.

Ga wanzami mai aske mutane da yawa kuwa magana ta canza. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini bisa ƙarfe, askarka dole ta riƙa shan maganin kashe ƙwayoyi tsakanin kai da kai, itace da ƙaho kuma ba su jure wannan jiƙon. Kai robar nan mai kama da gilashi ta masu yin allon talla za ka nema, mai milimita 3, guntayen da suke zubarwa sun ishe ka.

Cire tsohuwar ƙota da zana sabuwa

Kafin komai naɗe ruwan askar da tef ninki uku, har tsininta. Kada ka ce ai ta dakushe, aska dakusasshiya ta fi wuƙar kicin kaifi. Sai ka goge kan ƙusar mahaɗa, wato wadda ruwan ke juyawa a kanta, da magagari mai laushi har hular ta tafi, ka ɗora bisa katako mai rami ka tura ƙusar da siririyar ƙusa a hankali. In tsohuwar ƙotar irin robar zamanin da ce da ake kira seluloyid, kuma ka ga tsatsa ta kama ruwan daidai inda yake shigewa ciki alhali bayan askar fes yake, to robar ce ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, zana siffarta a takarda ka jefar da ita nesa da sauran kayanka.

Duba ramin da ke wuyan askar. Na tsofaffi yakan zama babba ko ba zagaye ba, in ka bar shi haka ruwan zai riƙa gaba da baya yana dukan weji, wato ɗan guntun da ke raba fallen biyu can ƙarshen ƙota. Cika shi da gulun araldait, ya bushe, ka sake huda shi daidai kaurin ƙusarka.

Yanzu ɗauko kwali, ka kwantar da askar a kai, ka soka ƙusa ta ramin ta kafe a kwalin. Juya ta yadda za ta zauna in an rufe ka zagaye ta da fensir, sannan ka zana fallen a kanta. Abubuwa uku za ka duba. Cikin fallen ya wuce kaifi da aƙalla milimita 3 tun daga tsini har dunduniya, dunduniyar nan ita ce ta fi yawan leƙowa. Tsakanin tsinin aska da inda weji zai fara ka bar milimita 2 zuwa 3. Bayan ramin mahaɗa kuma ka bar kamar milimita 8 zuwa 10 na nama, in ya gaza zai tsage, in ya wuce zai rufe 'yar wutsiyar da ake dannawa a buɗe. Ga aska mai faɗin 5/8 na inci, wato kusan milimita 16, fallen yakan kama santimita 14 zuwa 15 a tsawo, faɗinsa wajen 18 a ciki ya rage zuwa 11 ko 12 wajen mahaɗa. Yanke kwalin ka gwada buɗewa da rufewa, ka riƙe shi yadda kake riƙewa in kana aski, gyara a kwali kyauta ne.

Falle biyu, aiki ɗaya

Tsaga itacenka gida biyu masu kaurin milimita 4, in hannunka bai saba ba kai wa 'yan katako su tsaga maka da inji. Ka bar su ƙarƙashin wani abu mai nauyi sati ɗaya ko biyu a ɗakin da askar za ta zauna, wanda zai karkace gara ya nuna halinsa yanzu. Daga nan goge fuska ɗaya ta kowanne bisa gilashin nan da samfefa 120, ka zazzana fensir a fuskar tukuna, in duk zanen ya goge to ta shafe. Waɗannan su ne fuskokin ciki, ka sa musu alama.

Manna tef na takarda a fuskokin cikin duka biyu, ɗiga sufa gulu bisa tef ɗin, haɗa su ka danne. Yanzu sun zama abu ɗaya, kuma haka za su zauna har ka gama siffanta su, daga ƙarshe bakin wuƙa kawai za ka sa su rabu ba tare da gulu ya taɓa itace ba. Liƙa kwalinka a sama.

Huda ramuka biyu yanzu, na mahaɗa da na ƙusar weji, tun katakon yana shafe mai kusurwa huɗu, kafin ka yanka komai. Wannan shi ne wurin da aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci, don in ramin mahaɗa ya karkace ko da kaɗan ne ruwan zai jingina gefe ɗaya har abada. In akwai mai injin huda na tsaye kusa da kai, ko a Maƙera Assada ko wajen wani kafinta, je ka biya a yi maka, minti biyu ne. In da na hannu za ka yi, sa wani ya tsuguna ya duba maka ta gefe kai kana duba ta gaba, kuma ka sa guntun katako a ƙasa don kada bakin ramin ya fashe wajen fita.

Sai yanka, ka bi bayan layi da zarto, magagari ya kawo ka kan layin. Rage kaurin kowane falle zuwa milimita 2.5 ko 3. Na san hannu zai ce maka ya yi siriri, amma ƙota dole ta iya lanƙwasawa, kuma mai kauri tana rinjayar ruwan askar ta gajiyar da yatsu. Zagaye gefunan waje su yi doro mai laushi, amma daidai kewayen ramuka ka bar ɗan fili shafaffe inda washa, ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin kan ƙusa, za ta zauna. Bi samfefa a jere, 120, 220, 400, 600, kada ka tsallake, kuma sa takunkumi, ƙurar kirya da ta ƙaho ba abin shaƙa ba ne.

Weji

Ɗan guntun da ke tsakanin fallen can ƙarshe, mutane suna raina shi suna yanka shi shafaffe kauri ɗaya, kuma shi ya sa askarsu take yin sako-sako a rufe ta yi tauri a buɗe. Kalli wuyan askarka ta sama, za ka ga ba kauri ɗaya ba ne, ya fi kauri wajen ruwa ya sirance wajen wutsiya. To weji shi ma haka, gefen da ke kallon tsinin aska ya fi kauri, na ƙarshen ƙota ya fi siranta, kamar milimita 2.5 ya sauko 1.5 a tsawon santimita 1.5 zuwa 2. In ka matse shi tsakanin fallen da yatsu, bakunansu na wajen mahaɗa za su buɗe kamar faɗin ɗan yatsa, sai ka matso su bisa wuyan aska su yi ɗan ciki kamar baka, wannan tankwarar ita ke riƙe ruwan daidai ko a buɗe ko a rufe.

Kaurinsa kuma shi ke yanke zurfin da ruwan zai nutse. Ya yi kauri, aska ta faɗa ciki kaifi ya fito ta ƙasa. Ya yi siriri, ta tsaya a sama ba ta rufu ba. Ba lissafi ne zai gaya maka ba, gwaji ne, ka soka guntayen sandar tagulla a ramukan ba tare da dakawa ba ka matse da yatsu ka rufe ka gani, ka rage a kan gilashi ka sake. Fuskokinsa biyu su sha gogewa daidai wa daida. Mutanen zamanin da dalma suke sawa don nauyi, kai sa ƙashi ko tagulla ko roba, farin ƙashi tsakanin jar kirya abin kallo ne. Yanka shi ya fi fallen faɗi kaɗan, ka liƙa shi a falle ɗaya da ɗigon gulu, ka huda ta ramin da ke akwai, rarar sai bayan ƙusa za ka goge.

Kafin haɗawa ka toshe itacen ciki da waje har cikin ramuka, don ruwan kumfa ta nan yake shiga. Sufa gulu siriri-siriri shafi shida zuwa goma yana ba da sheƙi kuma ruwa ba ya ratsa shi, ka sa leda a yatsa ka shafa, ban da auduga ko tsumma don yana ɗaukar zafi da su har ya yi hayaƙi. Danshin iska ne ke busar da shi, saboda haka cikin hunturu zai ɗan jima, yi haƙuri. In ya gama ka goge da samfefa 1000 da ruwa, ka bi da man goge ƙarfe Autosol ko makilin. Wanda ya fi son jin itace a hannu ya narka kakin zuma da ɗan man kaɗe ya goga, sai dai zai riƙa maimaitawa. Ƙaho ba ya son gulu, gogewa da mai kawai.

Daka ƙusa

Washa kana buƙatar ƙanana huɗu na waje masu faɗin kamar milimita 4, da sirara biyu na ciki tsakanin wuyan aska da falle. In ba ka samu wajen masu gyaran rediyo ko agogo ba, huda ramuka a fallen tagulla tukuna, yanke kowanne da almakashi, jera su a ƙusa ka sa a injin huda yana juyawa kana goga magagari, za su fito zagaye. Na ciki robar gorar ruwa ta isa.

Fara da wajen weji. Kama sandar a filaya, goge bakinta ya shafe, ka daddake shi har ya baje ya yi hula. Zura washa, falle, weji, falle, washa. Yanke rarar ka goge har abin da ya rage bisa washa bai kai milimita 1 ba, in ya yi tsawo ƙusar a ciki za ta lanƙwashe maimakon ta yi hula. Ɗora bisa ƙarfe ka fara. Ƙarfin dukan kada ya wuce wanda za ka iya yi wa farcenka ba ka ji zafi ba, ƙanana da yawa, kana bin gefen ƙusar kana zagayawa, bayan kamar goma ka juya ɗaya gefen. Haƙuri dai ɗan'uwa, duka ɗaya mai ƙarfi shi ke tsaga aikin kwana uku.

Mahaɗa ma haka, sai dai nan bayan kowane 'yan duka ka tsaya ka buɗe ka rufe a hankali, yatsanka yana bayan askar kana kallon inda tsini ya nufa. Ta yi daidai in ka buɗe ta rabi ka kife ta ta tsaya inda ka bar ta, amma babban yatsa ɗaya yana iya motsa ta. In tana jingina gefe, duba ko ƙusa ce ta lanƙwashe, in ita ce cire ta ka sa wata kada ka yi ta duka. In ƙusar lafiya take to wataƙila wuyan askar ne a karkace tun daga maƙera, wannan yana faruwa sosai a tsofaffi da 'yan Sin, sai ka kwance ka ɗan goge cikin falle ɗaya wajen ramin a karkace, ko ka ƙara siririyar washa gefe ɗaya har ta dawo tsakiya.

Goge rarar weji ya yi daidai da fallen, ka sake shafa abin toshewa wurin, ka bi hulunan ƙusa da samfefa 1000 don kada su kama tawul. Sai yanzu za ka cire tef ka je dutse, wasawa ita ce ta ƙarshe ba ta farko ba. Fatar gogawa kuma in ka shiga Madunka, unguwar masu aikin fata, za ka samu shafaffiya marar tabo, faɗin santimita 6 zuwa 7.

Bayan kowane aski share tsakanin fallen da guntun takarda, ka bar ta a ɗan buɗe ta sha iska inda yara ba za su kai ba, kada ta kwana a banɗaki, kuma kada ka bar ta cikin mota a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙaho da roba duk za su karkace. Hunturun farko itacen zai ɗan tsuke ka ji mahaɗa ta yi sako-sako, rufe ta ka ɗora bisa ƙarfe ka ba ƙusar ƙananan duka biyat zuwa shida kowane gefe, in ƙaho ne ka haɗa da shafa masa mai ka bar shi ya kwana kafin ka goge.